Mata a Baranda, Maza a Tebur

 Yau tarihi na kawo muku, kuma na wata ƙasa mai nisa, amma in kuka bi ni a hankali za ku ji ƙanshin gida a cikinsa, domin akwai kishi a ciki, kishi ma irin na maza, wanda ya fi namu zafi sai dai su ba a yi musu gori a kai. Labarin wani kulob ne na 'yan jarida a Washintan, babban birnin Amurka, birnin nan da aka fara jiyo Hausa daga cikinsa ta gidan rediyon Muryar Amurka a 1979.

Kada ki ji an ce kulob ki ɗauka gidan rawa ne. Majalisa ce ta masu sana'a ɗaya, kamar dai yadda maƙera ko mahauta suke da sarkinsu da inda suke zama su san waye gwani waye ɗan koyo. Manyan birane da yawa suna da irinsa. Na Landan tun 1882 aka kafa shi, na Karaci ta ƙasar Pakistan kuwa 1958. A irin wannan wuri ne 'yan jarida suke hutawa bayan sun tashi aiki, a nan manyan mutane suke zuwa su yi musu jawabi, kuma a nan ne ake taruwa shekara-shekara a kira sunan wanda ya yi fice a miƙa masa lambar yabo. Yabon gwani ya zama dole, haka Bahaushe ya ce. To amma ni abin da ya ɗaure min kai da na karanta tarihin na Washintan shi ne, shekara sittin da uku cur kulob ɗin ya yi yana zaman alƙalin gwanaye alhali rabin gwanayen ya hana su ko kujerar zama.

A watan Maris na 1908 wasu 'yan jarida maza su 32 suka haɗu suka kafa shi, da dala 300 a asusu, suka sa masa suna National Press Club, wato Kulob ɗin 'Yan Jarida na Ƙasa. Ba wani dogon buri ne ya tara su ba da farko. Wuri suke so da za su zauna in dare ya yi, su sha abin shansu, su buga karta, su yi hirar aiki ba tare da an kore su ba. Sannu-sannu abu ya bunƙasa. Shugaban ƙasa Taft ya kai musu ziyara a 1910, a 1927 kuma suka tare a sabon gininsu, suka ɗauki can hawa na 13 suka mai da shi nasu. Daga 1932 ne suka fito da al'adar da ta ɗaga sunansu a duniya, wato cin abincin rana da babban baƙo. A gayyato shugaba ko sarki ko firayim minista, a ci a sha, sannan ya tashi ya yi jawabi, a yi masa tambayoyi. Franklin Roosevelt ne ya buɗe wannan fage, lokacin an zaɓe shi bai kai ga hawa mulki ba.

To ke 'yar uwa, a nan ne gizo yake saƙa. Duk maganar da babban baƙo ya faɗa a wannan ɗaki, gobe ita ce a shafin farko na jaridu. Edita kuwa ba wawa ba ne, wanda zai iya shiga ɗakin shi zai aika. Wanda aka aika shi sunansa zai fito a shafin farko, wanda sunansa yake fitowa shi ake ƙara wa albashi da girma, shi kuma ake tunawa ranar rabon lambar yabo. Kin ga ke nan tun daga bakin ƙofa aka gama rabon, kafin ma a zo maganar wa ya fi wa iya rubutu. Mace ko da ita ce take bin labarin ƙasar waje shekara da shekaru, ranar da shugaban wannan ƙasa ya zo kulob sai ta miƙa wa namiji aikinta ta koma gefe.

Ba wai ƙafar mace ba ta taɓa taka wurin ba fa. A watan Fabrairu na 1945, ana cikin yaƙin duniya na biyu, an yi wa sojoji wani wasa a kulob ɗin, mataimakin shugaban ƙasa Harry Truman ya zauna yana kaɗa fiyano, wato abin kiɗan nan mai kama da ƙaton akwati, sai aka ɗora wata 'yar fim mai suna Lauren Bacall a kansa ta zauna tana lilo da ƙafafu, aka yi ta ɗaukar hoto. Hoton ya zagaye duniya. Ke ji fa! Mace ta hau kan abin kiɗa don ado an yarda, amma ta zauna a tebur da alƙalami da takarda, wannan ya zama abin kunya. Allah wadaran naka ya lalace.

Su kuwa matan ba su zauna suna kuka ba. Tun 1919 suka kafa nasu kulob ɗin na mata 'yan jarida, suna gayyatar nasu baƙin, suna shirya nasu bikin. Sai Allah Ya kawo musu wata uwa a gindin murhu, Eleanor, matar Shugaba Roosevelt. Kwana biyu da rantsar da mijinta, ranar 6 ga Maris 1933, ta kira taron 'yan jarida a fadar White House ta ce mata zalla take so, kada namiji ya shigo. Lokacin ana cikin matsin tattalin arziki mai tsanani, jaridu suna rage ma'aikata, kuma kin san wa ake fara sallama. Da wannan dabara tata sai ya zama dole duk kamfanin da yake son labarin uwargidan shugaban ƙasa ya ajiye mace a ofishinsa. Kamfanin dillancin labarai na United Press sai da ya ɗauki wata mai suna Ruby Black saboda wannan dalili. Taro 348 Eleanor ta yi irin wannan a cikin shekara goma sha biyu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ita ba ta tsaya yi wa maza wa'azi ba, ƙofar da suka rufe ta duba ta rufe musu irinta.

Sai dai kuma kada in yi ta wanke matan nan kamar ba su da nasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su da suke kukan an hana su shiga, su ma sun daɗe ba su karɓi baƙar mace a kulob ɗinsu ba. Sai a 1955 suka karɓi Alice Dunnigan, kuma wannan baiwar Allah ta cancanci a tsaya a kanta. An haife ta a 1906 a jihar Kentucky, ubanta yana noma gonar wani ana raba amfani, uwarta tana wankau. Ta yi koyarwa, daga baya ta zo Washintan ta zama wakiliyar wani kamfanin labarai na baƙar fata. Ita ce baƙar mace ta farko da aka ba takardar izinin ɗauko labari a fadar shugaban ƙasa. A 1948 da Truman zai zaga ƙasa a jirgin ƙasa, kamfaninta ya ƙi biya mata, ta nemo kuɗin da kanta ta bi shi. Albashinta bai taka kara ya karya ba, har ta kai takan kai agogonta jingina a ƙarshen mako ta sami na abinci, in kuɗi ya shigo ta je ta karɓo. Allah Sarki. Irin wannan mace ce wasu mata 'yan uwanta suka yi shekaru suna ganin ba ta kai ta zauna da su ba.

Baƙaƙen maza ma haka suka sha a hannun babban kulob, shi ya sa suka kafa nasu a 1944. A 1955 ne wani mai suna Louis Lautier ya nemi shiga, rigima ta tashi har sai da aka kaɗa ƙuri'a a asirce. Mutum 377 suka yarda, 281 suka ƙi. Ki duba wannan adadi na biyu da kyau, mutum 281 masu ilimi, masu rubuta wa duniya labarin 'yanci, suka ce ba sa cin abinci ɗaki ɗaya da abokin sana'arsu saboda launin fata.

A wannan shekara dai ta 1955, bayan ƙorafi ya yi yawa, sai mazan suka ce to sun yi wa mata sassauci. Mene ne sassaucin? Babban ɗakin taron yana da wata 'yar baranda can sama, siririya, inda masu ɗaukar hoton talabijin suke jibge kayansu. Aka ce mata su hau can su saurara. Ta ƙofar baya za su shigo, da an gama su fice. Ba abinci. Wuri ya yi ƙunci, yawanci a tsaye suke, ga zafin fitilun talabijin yana gasa su, ga wayoyi a ƙasa suna harɗe ƙafa, magana ma da ƙyar ake ji. Tambaya kuwa a rubuce ake miƙa ta daga teburan ƙasa zuwa ga mai gabatarwa, don haka wadda take sama ba ta da bakin tambaya. A ƙasa kuma ga maza sun baje suna ci suna shan taba, cikinsu har da waɗanda ba 'yan jarida ba ne ma, baƙin da aka gayyato da 'yan kamashon kamfanoni. Wadda ta taɓa yin girkin biki tun asuba, ta ga an fita da kwanuka zaure ita ko ɗanɗano ba ta yi ba, ta san irin abin da ake ji a maƙogwaro. Bambancin kawai su waɗannan ba yunwar ciki ce ta fi damunsu ba, aikinsu ne ake kashewa suna kallo daga sama.

Kuma ba ƙananan mata ba ne. Akwai Marguerite Higgins, wadda ta bi sojoji har bakin daga a yaƙin Koriya, ta sami lambar Pulitzer a 1951, wato babbar lambar aikin jarida a Amurka wadda jami'ar Columbia take bayarwa. Ta zauna a Washintan tana aiki, ta je Biyetnam ta kwaso wata cuta, ta rasu a 1966. Har ta koma ga Mahaliccinta dokar kulob ba ta yarda ta zama 'yar ƙungiya ba, alhali duk wani ɗan sabon shiga mai gemu yana iya cike takarda ya shiga.

Ana nan sai ga 1959. A watan Satumba shugaban Tarayyar Sobiyet, Nikita Khrushchev, mai sunan karya harshe, zai kawo ziyara Amurka, kuma shi ne shugaban Sobiyet na farko da ya taɓa zuwa. An shirya zai yi jawabi a kulob. Shugabar kulob ɗin mata a lokacin wata ce mai suna Helen Thomas, 'yar wasu mutanen Labanan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, mace mai baki kamar reza. Ita da ƙawayenta suka kai kuka ga mutanen Rasha, suka ce shin shugabanku zai yarda ya yi magana a ɗakin da ake tsare mata a baranda? Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kullum Amurka tana yi wa Rasha gorin 'yanci, yau ga dama ta faɗo. Khrushchev ya ce shi kam ba zai yi magana ba sai an sauko da mata. Ni ban ce don Allah ya yi ba, siyasarsa yake yi, amma dai biyan bukata ya fi dogon buri. Dole mazan suka sunkuyar da kai, aka ba mata talatin da 'yan kai kujera a ƙasa, suka ci abinci kamar kowa.

Kin san me ya biyo baya? Baƙo yana tafiya aka ce su koma barandarsu. Wallahi kuwa. Shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni suka ƙara ana wannan ja-in-ja. A tsakanin nan Martin Luther King ya zo a 1962 ya yi jawabi a kan daidaito tsakanin 'yan Adam, shi ne baƙar fata ɗan Amurka na farko da aka ba wannan mumbari, amma dokar hana mata zama 'yan ƙungiya tana nan daram. Matan suka ɗauki wata hanya, duk shugaban da suka ji zai zo sai su aika masa da saƙo suna roƙonsa kada ya yi magana a can. Wasu su ji, wasu su yi kunnen uwar shegu.

Abin da ya karya ƙofar, a ganina, zamani ne da ya juya. A 1964 Amurka ta yi dokar da ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda launi ko jinsi. A 1970 mata 46 na mujallar Newsweek suka kai ƙarar kamfaninsu saboda an tsare su a aikin tattaro bayani, maza ne kaɗai ke rubutawa. Iska ta fara kaɗawa ta ko'ina. A ƙarshen wannan shekara sai kulob ɗin mata ya yi wa mazan hannunka mai sanda, suka kaɗa ƙuri'a suka ce su sun buɗe ƙofarsu ga maza, suka cire kalmar mata daga sunansu. Kunya ta ishi 'yan hawa na 13. Ranar 15 ga Janairu 1971 suka zauna, mutum 227 suka ce a bar mata su shigo, 56 suka ce a'a. Mata 24 aka fara rantsarwa. Cikinsu akwai Sarah McClendon, 'yar jihar Texas, wadda aure bai yi mata daɗi ba, ta rasa mai riƙe mata 'yarta, ta riƙa zuwa da ita wurin ɗauko labari tun tana ƙarama, ta kuma kafa nata ɗan kamfanin labarai a 1946 ita kaɗai. Tun shekarun 1950 take ƙwanƙwasa ƙofar nan.

Sai bayan duk wannan ne, a 1973, kulob ya fito da babbar lambar yabonsa ta gwanin da ya ƙarar da rayuwarsa a aikin jarida. Sunanta Fourth Estate, ma'ana rukuni na huɗu. Asalin maganar, a Turai ta dā an kasa mutane uku, malaman coci da sarakai da talakawa, sai aka riƙa kiran 'yan jarida na huɗu don su ne masu sa wa sauran ido. Walter Cronkite, mai karanta labarai a talabijin na CBS, shi ya fara karɓa. Daga nan namiji, namiji, namiji. A 1982 aka ba baƙar fata na farko, Simeon Booker na mujallar Jet, wanda ya sa ransa a haɗari ya bi labarin kisan gillar da aka yi wa wani yaro baƙar fata mai suna Emmett Till a 1955. A wannan shekara ta 1982 ne kuma mace ta farko ta zama shugabar kulob, Vivian Vahlberg, Shugaba Reagan da kansa ya zo ya rantsar da ita. Mace ba ta karɓi babbar lambar ba sai 1984, kuma wa kike tsammani? Helen Thomas ce, wadda ta haɗa su da Khrushchev shekara ashirin da biyar baya. Ina ma a ce na ga fuskokin tsofaffin da suka ƙi ta suna tafa mata. A 1985 kulob ɗin biyu suka haɗe suka zama ɗaya.

Labarin baranda kuwa da ya bi iska in ba don wata Nan Robertson ba, ta jaridar New York Times, wadda ita ma ta sha tsayuwa a can. A 1981 wata muguwar cuta ta kama ta, irin wadda ƙwayoyin cuta suke zuba dafi a jini, ta kusa mutuwa, aka yanke mata kan yatsu takwas. Marubuciya fa, da yatsu take ci! Ta daure ta sake koyon buga tafireta, ta rubuta labarin ciwon nata don wasu mata su tsira, aka ba ta Pulitzer a 1983. Sannan a 1992 ta fitar da littafi a kan matan jaridarsu da ƙarar da suka kai kamfanin a 1974, ta sa masa suna The Girls in the Balcony, wato 'yan matan baranda. Ba ta jira mazan kulob su rubuta tarihin ba, don ta san in an bar su wannan babin tsallake shi za su yi.

Ita kuwa Helen Thomas ƙarshenta ya zo da ƙura. Ta yi aiki a fadar White House tun zamanin Kennedy har zuwa Obama, shugabanni goma tana zaune a gaba tana tsare su da tambaya. A 2010, tana dab da cika shekara 90, aka ɗauke ta a bidiyo tana cewa Yahudawan Isra'ila su fice daga Falasɗinu su koma Jamus da Folan da Amurka. Ƙasa ta ɗauka da zafi, musamman da yake a waɗannan ƙasashe biyu na farko ne aka yi wa Yahudawa kisan kiyashi. Ta ba da haƙuri, ta ajiye aiki. Wata ƙungiyar 'yan jarida daban, ba kulob ɗin ba, wadda take bayar da lamba da sunanta, ta soke lambar a 2011, jami'ar da ta yi karatu ma ta cire nata. Ta rasu a 2013 tana da shekara 92. Har yau akwai masu cewa ta yi ɓaranɓarama, akwai masu cewa an yi mata hukuncin da ya fi laifinta, musamman ga mace mai shekara kusan saba'in a bakin aiki.

Kulob dai ya ci gaba da rabon lambobinsa, har ya ƙara da ta 'yancin aikin jarida, wadda yake ba waɗanda aka ɗaure ko aka tsangwama saboda alƙalaminsu a ko'ina cikin duniya. Maria Ressa ta ƙasar Filifin ta karɓa a 2020, Rana Ayyub ta Indiya a 2022. Daga 2021 zuwa 2024 mata huɗu ne suka shugabanci kulob ɗin a jere, ɗaya na sauka ɗaya na hawa. A cikin wannan tsakani ne, ranar 11 ga Mayu 2022, aka harbe Shireen Abu Akleh ta gidan talabijin na Aljazira a garin Jenin na Falasɗinu, tana sanye da rigar sulke mai tambarin 'yan jarida. A shekarar kulob ya karrama ta da lambar shugabansa, shugabar kuma mace ce. 'Yar ɗan'uwan marigayiyar ce ta hau hawa na 13 ta karɓa a madadinta.